Lallen da Ya Hana Ni Rajista

Daren Laraba, Daura

Barci ya ƙi zuwa, yatsuna sai zogi suke yi. Tun bayan isha'i nake dirzar su da lemon tsami da toka.

Da sassafe na tafi rajistar katin zaɓe, na bi layi har azahar. Da na ɗora yatsu a kan na'urar, sai ta ƙi ɗauka. Ma'aikacin ya goge gilashin, muka sake har sau huɗu. Ya dubi hannuna ya ce, “Hajiya, wannan lallen ya yi kauri. Sai ya ɗan kwanta ki dawo.” Jibi kuma za su rufe!

Lallen bikin ƙanwata Hadiza ne. Ni da bakina na ce wa mai ƙunshi ta cika min har kan yatsu.

Maigida ya yi ta dariya, wai ƙuri'a ɗaya me za ta canza. Shi ai nasa katin yana aljihu. Zaɓen da ya wuce a ƙofar gida na tsaya, ina kallon matan unguwa suna wucewa. Ba zan sake ba.

Kwana biyu na yi ina addu'ar lallen nan ya kama. Yau ga ni ina roƙon Allah ya sa ya sake ni.