Kukan Mai Lambun Bakin Tsohon Ramin Zinariya

Daga: Mai lambu, gida na ƙarshe kafin tsohon ramin zinariya
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Kula da Muhalli
Ranar 9 ga Afrilu

Game da: Gubar dalma a ƙasar lambuna da tsakar gidana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 4 ga Nuwamban bara ma'aikatanka suka zo lambuna sanye da safar hannu da takunkumi, suka ɗebi ƙasa a leda. Na kawo musu ruwan rijiyarmu a kofin da nake ajiye wa baƙi. Sun yi godiya har da rusunawa, amma ko ɗaya bai kurɓa ba.

2. A watan Janairu aka sanar da mu cewa ƙasar cike take da dalma, ragowar wankin zinariyar da masu haƙa suka bari suka yi gaba. Aka kafa mana allon gargaɗi. Ina yaba ingancinsa, domin awakinmu ba su taɓa samun inuwa irin tasa ba. Sai dai har yau ba su iya karatu ba, a gindinsa suke lasar ƙasa.

3. An ce mu daina cin abin da muka shuka, ba a ce ga abin da za mu ci ba. Maigidana ya rantse tun yana saurayi yake cin alayyafon nan bai ga komai ba. Yana rantsuwar, cokali na rawa a hannunsa.

4. Motar da aka ce za ta kankare ƙasar ta kawo sabuwa, kullum ana ce mana tana hanya. Ni da ciwon gwiwata nakan je ofishinku in dawo kafin rana ta take. Wataƙila ita ta wata hanyar ta biyo.

5. Jikata, 'yar ɗiyata, ta fara tafiya, sai ta koma rarrafe. Ranar 2 ga Maris likita ya auna jininta, ya ce dalma ce, a hana ta taɓa ƙasa. Ranka ya daɗe, tsakar gidanmu ƙasa ce, ƙofar gida ƙasa ce. Yanzu a bayana take wuni, tana dukana da ɗan hannunta wai in sauke ta.

Don haka nake roƙo cikin ladabi a fara kankare tsakar gidajenmu kafin damina ta wanko gubar ramin zuwa rijiya, a kuma auna jinin sauran yaran unguwa. Idan motar ta gagara, a aiko da shebur da ƙasa mai kyau, a nuna mana inda za mu zubar da mai gubar. Hannu dai muna da shi. Yarinyar nan so take ta taka ƙasa, ni kuma ban san yadda zan yi mata bayani ba.

Allah ya ƙara girma.

Taka cikin biyayya,
Mai lambu
(sa hannu)