Tun Bayan Jinya, Maganar Matata Ta Juye

Anti, don Allah a agaza mini da shawara, abin ya sha mini kai. Ni tela ne, shagona a zauren gida yake. Matata ba Bahaushiya ba ce, bayan aurenmu ta koyi Hausa, har ta fi ni iya zolaya da ita. Bara ta yi shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, baki ma ya buɗe, amma maganar a juye take fita. Maimakon "na sha magani" sai ta ce "ni magani sha", ɗakin yara kuma ya koma "yara ɗaki". Jikoki na dariya, ba da mugunta ba.

Ni kuwa don in rage mata wahala, da ta ɗauko zance nake ƙarasa mata. Rannan ina yi mata tausa ta ce, "Ni gidan nan..." Na yi caraf na ce ai babu inda za ki. Ta dube ni, ta juya fuska bango. Tun ranar daga i sai a'a. Matar da a da ko ƙarar keken ɗinki ba ta rufe muryarta! Hankalinta ne ya taɓu, ko ni na ɓata?

Mijin Marar Lafiya

Malam, sannu da ɗawainiya. Batun lafiyarta na likita ne, ka nemi ya haɗa ku da mai gyaran magana. Amma tsarin da ka kwatanta ba shirme ba ne. Hausa tana sa aikatau, wato kalmar aiki irin su "sha", a tsakiya, Larabci kan fara da shi, harsuna da yawa kuwa, irin su Japananci da Turkanci, sai a ƙarshe suke kawo shi, kuma sukan ambaci mai abu kafin abin. Ina kyautata zaton kalmomin naka ne, jerin na harshen da ta sha a nono.

Tausayi ne ya sa kake tarar numfashinta, ban ga laifin zuciyarka ba. Sai dai ka dubi nata ɓangaren: duk inda ka katse ta, kan maganar bai iso ba. Wataƙila "so" za ta ce a ranar, ka sa mata "bari" a baki.

Ka ba ta haƙuri, ka jira ta kai aya ko da shayi zai huce. Ka ja kunnen jikoki cikin lallami. Sannan ka roƙe ta ta koya maka harshenta, ita ma ta samu abin yi maka dariya. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar ku tare.