Hulunan Baba Suna Cikin Akwatinki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ƙarar mijinki na kawo miki, don na gaji.

Kin san tun da zuciyar Baba ta raunana aka ɗora shi a kan ƙwayoyi uku, biyu na taimakon zuciyar, ɗaya ta fitar da ruwan da ke taruwa masa a ƙafa da huhu. Shi da ta ukun nan ne ba sa ga maciji. Wai tana sa shi fitsari tana karya masa alwala, shi da duk Roni aka san alwalar hantsi ke kai shi magariba.

Makon jiya na wanke hularsa, ruwan ya yi fari fat. Ashe a naɗin hular yake cusa ƙwayar, ya kurɓi ruwa a gabana har da hamdala. Ni kuwa ina ta zargin maganin, ƙafafunsa sun kumbura takalmi ya ƙi shiga, barci ma sai a jingine. Sau biyu muna kai shi asibitin Kazaure yana haki. Likita ta ce in aka yi na uku, ba ta da tabbacin zai dawo gida.

Na yi lallashi, na yi kuka, na turo liman ya gaya masa sabunta alwala lada ne. Baba ya ce ai a gabansa aka raɗa wa limamin suna.

Sai na tuna ban taɓa jin kin yi masa magiya ba. Hularsa kike ɗorawa a cinya, ki miƙa masa moɗa ki ce, "Malam, haɗiye ka karɓa." Dariya nake yi lokacin, na ɗauka wasan tsufa ne.

Jiya da safe na kwashe hulunansa duka na kulle a akwatinki. Ya yi faɗa, ya ce ba ni da ta ido. Ya zauna a ɗaki kai ba hula, abokan zamansa na ta sallama a zaure. Can ya haɗiye ƙwayar, ya buɗe baki na duba. Ya miƙo hannu bai dube ni ba, ya ce, "Ba ni hulata, 'Yar Gwiwa."

Rabona da jin sunan nan, da yake kiran ki da shi saboda garinku, tun ranar da aka fita da ke. Na ba shi, na shiga ɗakinki na yi kukana.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya bar mana shi da rigimarsa.

Taki har kullum,
Autarki