Littafin da ban kai wa malamina ba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Duk da haka zan rubuta.

Gida lafiya. Inna ta koma wurin Yaya Sabo a Tudun Wada tun da ta fita takaba. Masarar bana ta yi kyau. A Riruwai matasa sun koma tonon wasu ramukan kuzar da ka yi aikin awo a cikinsu.

Makon jiya muka share ɗakinka. Na tarar da ƙaramin duman nan da ka yanko nahiyoyi daga taswira ka manna masa, suka rufe shi ruf, ba wurin teku. Hujjarka ke nan kullum: nahiyoyi ba su yi tafiya ba, duniya ce ta kumbura kamar ƙullin fanke, ɓawonta ya tsattsage, ruwa ya cike tsakani. Kakan ce shekara talatin kana cikin duwatsu, ba ka taɓa ganin mai yawo ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Littafin da ka rubuta da hannunka a kan kumburar duniya, ka ba ni in kai wa malamina a jami'a, ban kai ba. Kunya na ji, kar a yi mini dariya. Yana ƙasan akwatina shekara tara. Duk hutu kana tambaya, ina ce maka yana dubawa, har ka daina. Ganewa ka yi, ko gajiya?

Yanzu na karanta shi. Har yau ban yarda da kai ba. An auna da tauraron ɗan'adam, nahiyoyi na matsawa a hankali, duniya kuwa ba ta ƙara girma. Haka nake koya wa ɗalibaina.

Sai dai can wajen ƙarshe ka tambayi kanka: in ta kumbura, daga ina ƙarin ya fito? Ka bar rabin shafi fari, ka rubuta a samansa cewa wurin amsar malam ne. Ashe ba yabo kake jira ba, wanda zai ja da kai kake nema. Da ni ma zan iya. Me ya hana ni zama a tabarmarka mu yi gardamar?

Malamin ya rasu bara. Shafin yana nan fari.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mana.

'Yarka,
Sa'adatu