Zama Shida da Basil

Lahadi, 2 ga Oktoba

Basil ya zo rumfata yau, riga a goge, jaka a kafaɗa. Ɗan maƙwabtanmu, ajinmu ɗaya tun firamare a nan Irbid, ƙasar Jodan. Yanzu digiri na biyu yake yi, wai zai zama mai ba masu damuwa shawara. Ni da na faɗi tawjihi, jarrabawar ƙarshen sakandare, ina ƙofar jami'a ina sayar da tsofaffin littattafan da irinsu ke saya ba sa buɗewa. Ni na karance su tas.

Wai sai ya yi zama goma da mutum ɗaya, a naɗi murya, malamarsa Dakta Maisun ta saurara ta sa hannu, sannan ya gama, sannan lasisi. Wata makaranta na jiransa da aiki a Janairu. Mai damuwar da yake zama da shi ya gudu, yana so in maye gurbinsa. "Kusai, ka rufa min asiri. Amma doka ta hana mu zama da wanda muka sani, kar ka ce ka san ni." Na ce to, Likita. Ya ce shi ba likita ba ne. Na ce ai na sani.

Talata, 4 ga Oktoba

Kujera biyu, rikoda a tsakiya. Na kwaso masa mafarkai daga wani littafi da ke rumfata. Yana ta gyaɗa kai yana rubutawa. Sakarai.

Talata, 18 ga Oktoba

Ya kira sunan wata cuta ba daidai ba, na gyara masa, har shafin na faɗa. Na matso da bakina kusa da rikodar don malamarsa ta ji da kyau. Kunnuwansa suka yi jawur. Shekara shida a jami'a!

Talata, 8 ga Nuwamba

Zama na shida. Ƙaryata ta ƙare. Shi kuma ya yi shirun nan da ake koya musu. Na san dabarar, na karanta ta, amma duk da haka bakina ya buɗe.

Na ba shi labarin ranar da sakamakon tawjihi ya fito. Ana harba wutar murna sama a gidansu. Babana ya sayo farantin alewar kunafa, ya ɗora min, ya ce in zagaya in raba wa baƙin Basil, tunda ni ban ba shi dalilin raba tasa ba. Na raba. Har Basil na miƙa wa.

Da na gama, Basil ya ce, "Na tuna." Sai na fashe da kuka. Rikodar tana ta juyawa.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Wata mata da ban taɓa gani ba za ta zauna da kofin gahawa ta saurari kukana, ta ba shi maki a kai.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Na je ofishin Dakta Maisun. Na ce, "Dakta, ɗalibinki katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma shi ya ce in ɓoye." Ta cire tabarau. Ko minti uku ban yi ba. Na fito na sayi ƙosan falafel, na ci da daɗi.

Litinin, 14 ga Nuwamba

An soke masa duk zaman shidan, zai maimaita zangon, an saka takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Makarantar ta ɗauki wani. Uwarsa ta daina gaida tawa.

Ya zo rumfa. Na shirya masa baƙaƙe kamar ashirin. Ya tsaya yana juya wani littafi. "Laifina ne, ni na karya doka. Na zo ne dai ka sani, naɗin zama na shidan ban kai mata ba. Tun a daren na goge." Na ce to sai me, in yi maka guɗa? Ya ajiye littafin inda ya ɗauka, ya tafi.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Na koma wurin Dakta Maisun. Ba roƙo ba ne. Na ce ƙarya na yi, ban san shi ba. Ta ce, "Ɗana, shi da bakinsa ya amsa. Hukunci ya riga ya fita." Na ɗaga murya, na ce dokar banza ce. Ta bari na gama.

Sai ta ce, "Kai yanzu da wa kake magana?" Ta rubuta sunan wani mutum, mai lasisi, wanda bai san unguwarmu ba. Talata, ƙarfe huɗu.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Ba inda za ni. Talata ranar ciniki ce.

Na dai ce wa Abu Laith mai gahawa ya duba min rumfa gobe da la'asar.