Kifin da Baba Ya Mayar Teku

Arusha

Yaya Mwatima,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Maganata ɗaya ce: ina so Baba ya dawo wurina da zama. Ke kika ce tun rasuwar Mama ba ya cin abin kirki, ga ciwon gwiwa, amma kullum yana cikin kwalekwale. Na gyara masa ɗaki. Har akwatin gilashi na kiwon kifi na saya, tunda ba ya iya rabuwa da teku. Ki ce ya zaɓo kifin da yake so, ku taho tare.

Ƙaninki,
Makame

Tumbe, Pemba

Makame sarkin dabara,

Muna amsawa, a gaida Zuhura da yara. Na karanta wa Baba. Ya ce, "Wato yaron nan teku zai ɗura mini a kwalba?" Amma bai ƙi ba. Jiya kwandon tarkonsa ya kamo kifin kipepeo ɗaya, ɗan rawayan nan mai tsinin baki da ke yawo bibbiyu a cikin duwatsun murjani na ƙasan teku. Ya sa shi a bokiti, wai ya ga ko zai jure zaman ɗaki. In ya jure, shi ma zai jure.

Yayarka,
Mwatima

Arusha

Yaya,

Alhamdu lillahi! Ga abincin kifi nan na gwangwani na aiko, mai kyau ne. Yaushe za ku shigo jirgi?

Makame

Tumbe

Makame,

Bayan gaisuwa, gwangwaninka ya iso, kifi ko kallo. Irinsu murjani mai rai kawai suke tsattsaga. Ya dusashe, ya maƙale a gefen bokiti, Baba ya tasa shi gaba, ni kuma na tasa Baba. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Yau da ruwa ya janye ya ce, "Ke, ɗauko bokitin nan." Muka je daidai dutsen da ya kafa tarkon. Ashe abokin yawonsa na nan yana ta kewaye wurin. Baba ya saki na bokitin, suka jera suka shige.

Da muka dawo ya ci shinkafa da kwakwa har da ƙari. Ya ce, "Ki faɗa wa Makame na gode. Tawa abokiyar zaman tana kwance a kabarinta a bayan masallaci. In na tafi, wa zai cire mata ciyawa?"

Kada ka yi fushi da shi.

Mwatima

Arusha

Yaya,

Na mayar da akwatin. Ki shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Baba, ina tafe ranar Juma'a. Ki ce ya bar mini ciyawar wannan makon.

Ƙaninki,
Makame