Shayin Manaja da Hoton Zuciyata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina sarakunan ɓarna. Mu nan sai godiya. Mamanki tana nan yadda kika bar ta: hannun dama bai dawo ba tun bayan shanyewar jikin, magana kuma ɗaiɗai take fita. Amma har yanzu Manaja ce, da ido kawai take juya gidan.

Na san za ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa ga waya a aljihu. Kin san kunnena. In ban sa waya a lasifika ba ba na jin komai, in kuwa na sa, har maƙwabta sai sun sha labari, balle ita da ke zaune kusa da ni. Maganar nan kuwa ba na so ta ji. In za ki amsa, ki aiko ta tsohon shagona, mai waldar da ke ciki zai ajiye mini.

Ga abin da ya faru. Na je karɓo mata magani, wata nas mai shisshigi ta kama hannuna ta auna jini, ta ɓata fuska, ta tura ni gwajin jini da na fitsari. Likita ya duba ya ce ƙodata ta fara gajiya. Kada ki ɗora hannu a ka, ya ce farko-farko ne, ba a maganar wankin ƙoda. Sai dai ya ce ciwon ƙoda ba ya zama shi kaɗai, yakan lallaɓa ya taɓa ƙananan jijiyoyin da ke shayar da zuciya tun mutum bai ji komai ba. Don haka za a leƙa zuciyata da irin na'urar da ake duba masu ciki. Na ce masa in sun ga namiji ne su gaya mini. Bai yi dariya ba, yaran yanzu ba su san wasa ba.

Yadda ake yi, za su auna gudun jinin ina kwance lafiya, sannan su sa mini wani magani ta jijiya wanda zai buɗe hanyoyin, su sake aunawa. Ni da na yi shekara arba'in ina gyaran famfo nan take na gane. Bututu yakan yi kamar lafiyarsa ƙalau, sai ka buɗe kan famfon gaba ɗaya asirinsa ya tonu. Da abin da suka gani ne zai san irin maganin da zai ɗora ni a kai.

Sharaɗi ɗaya ne: kada in sha shayi ko kofi na tsawon awa ashirin da huɗu, don wai yana kashe ƙarfin maganin. Ranar Talata na je, matar da ke riƙe da na'urar ta tambaye ni ko na sha shayi, na ce kofi ɗaya ne tak. Ta sallame ni da murmushi, ta ba ni wata rana. Mantuwa ce irin ta tsufa, kada ki damu.

Ki gaishe da maigidanki, ki ja wa ƙaramin kunne a madadina. Allah ya yi muku albarka.

Naki,
Babanki mai famfo

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya yaran? Ina fata tarin babbar ya tafi. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a shagon mai walda, kuma na sha faɗa. Shafi biyu cur! Wallahi halin Mamanki kika kwaso, ba ki bar komai ba.

To, shirya wani faɗan. Na koma, kuma na sake shan shayin. Wannan karon da mai na'urar ta tambaye ni sai na ce ban sha ba. Ni, da furfurata, na kalli sa'ar 'yar cikina na zuba mata ƙarya.

Ta kwantar da ni ta gefen hagu a wani ɗaki mai duhu-duhu, ta shafa mini wani abu mai sanyi kamar koko a ƙirji, ta dinga danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarina tana neman jijiya guda, siririya kamar zaren ɗinki. Ta kusa minti ashirin kafin ta same ta. Sai aka sa maganin. Ashe wanda bai sha shayi ba, fuskarsa takan ɗau zafi, numfashinsa ya yi sama. Ni kuwa ina kwance shar, kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ajiye na'urar. Ba ta ɗaga murya ba, Auta, kuma shi ya fi ciwo. Ta ce da ta rubuta wannan sakamakon da likita ya yi mini magani bisa ƙarya, kuma wani bawan Allah na can yana jiran wannan gadon wata uku. Kunya ta ishe ni har na rasa inda zan sa idona.

Yanzu bari in gaya miki gaskiya, don na farkon ma ba mantuwa ba ce. Kin san tunda ciwon ya same ta, Mamanki ta rasa girki, ta rasa ɗinki, ta rasa lissafin shago da ta riƙe mini shekara talatin. Ni nake mata wanka, ni nake ɗaura mata ɗankwali, ko da yake a karkace yake fita. Abu ɗaya ya rage mata: shayina na safe. Wata huɗu ta yi tana koyon haɗa shi da hannun hagu, ta fasa kofi biyar, ta ƙone sau biyu, ba ta yarda na taimaka ba. Kullum ƙarfe shida da rabi za ta turo shi a kan ƙaramin teburin nan mai taya, ta juya cokali sau uku, ta zauna gabana tana kallo har in shanye, sannan ta karɓi kofin. Ta ina zan zubar? Kwanaki na fita da sassafe gyaran bututun maƙwabci ban sha ba, na dawo da azahar na same ta zaune da kofin a gabanta ya huce, hawaye ya jiƙa mata wuyan riga.

In na ce ba zan sha ba, dole in faɗi dalili. In na faɗi dalili, na gaya mata ke nan cewa mutumin da take dogara da shi shi ma ya fara tsatsa. Tsoro nake ji, Auta. Ba mutuwa nake tsoro ba, tsoron fuskarta nake idan ta ji.

Mai na'urar ta ba ni ranar Alhamis ta sama. Ta ce ita ce ta ƙarshe, in na ɓata ta sai in koma ƙarshen layi, wata shida ko fiye. Kin ce za ki ɗauki hutu ki zo, kada ki zo. Tana ganinki babu sanarwa za ta san akwai magana.

Ki yi mini addu'a. Gaisuwa ga kowa da kowa.

Naki,
Babanki

*

Zuwa ga Autata, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Laraba da yamma ina yanke wa Mamanki farce na gaya mata. Na tsara magana tun safe, amma da na buɗe baki duk ta watse, na fara da ƙoda, na koma zuciya, na faɗi ƙaryar da na yi, na faɗi maganar shayi. Ta janye hannunta, ta juya fuska bango, abincin yamma ma ba ta taɓa ba. Na ce shi ke nan, tsoho, ka karya abin da ka yi shekara biyu kana lallaɓawa.

Da safe ƙarfe shida da kwata sai na ji butar shayi tana kuka a kicin. Na ce ko dai ba ta fahimta ba, ko ta manta. Na zauna ina jin ƙarar tayar teburin tana matsowa, kuma wallahi na riga na yanke cewa zan sha, asibitin ya yi haƙuri.

Ta ajiye kofin, ta ɗauke faifan da ta rufe shi da shi. Ruwan zafi ne, Auta. Ruwa zalla, fari tas, babu ganye babu sukari. Ta sa cokali ta juya sau uku kamar kullum, ta turo mini, ta zauna tana kallona da idon nan nata na Manaja. Na shanye shi ina kuka kamar yaron goye. Sai a lokacin na lura takalminta na fita ne a ƙafarta, mayafi kuma na kan cinyarta.

Tare muka je. Mai na'urar ta sa mata kujera kusa da kaina. Da aka sa maganin, na san an sa! Fuskata ta ɗau wuta, ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora buhun siminti, amma kafin minti biyu ya wuce. Allon ya cika da ja da shuɗi, aka ƙara sautin gudun jinin, ɗakin ya ɗauka da fuu, fuu, fuu. Mamanki ta damƙe kafaɗata da hannun hagu har yanzu akwai shaida.

Likita ya ce jinin ya kamata ya ninka gudunsa fiye da biyu, nawa ya tsaya kaɗan ƙasa da haka. Wato ƙananan hanyoyin sun fara ƙanƙancewa, amma an kama abin da wuri. Ya sauya mini maganin hawan jini, ya ƙara wani na kitse, ya ce in rage gishiri, in riƙa tafiya kullum, in dawo bayan wata shida. Ni yake wa bayani, amma ita ce ke gyaɗa kai.

Tun ranar ban huta ba. Gwangwanin gishiri ya ɓace daga kicin, na duba ko'ina, na tabbata yana ƙarƙashin matashinta. Shayina ya dawo, sai dai yanzu da ƙwayoyi biyu a gefen faifan, kuma ba ta karɓar kofin sai na buɗe baki ta ga na haɗiye. Da yamma ta nuna ƙofa da sandarta, mu fita, ni da ita, har bakin shagon mai walda mu dawo. Shekara biyu ina ɓoye mata duk wani abu mai nauyi, ina cewa tausayi ne, ashe aikinta na ƙwace mata. Manaja ta koma bakin aiki, ni ne shagon.

Ki gaishe da maigidanki da yaran. Kada ki ƙara aiko komai ta wurin mai walda. Ki kira waya ranar Asabar da safe, zan sa ta a lasifika, ki tambayi duk abin da kike so. Mamanki na nan kusa, tana ji.

Naki har kullum,
Babanki mai famfo